Ranar da Ƙofar Ruwa Ta Karkace

Ƙofar ruwan tana rataye a karkace lokacin da Sufeto Siradji ya sauka daga babur. Gefenta na dama ya faɗi ya cije a ƙasa, na hagu yana sama, kuma ta ƙarƙashinsa kogin Shari yana kwarara cikin gari da ƙarar da sai mutum ya ɗaga murya kafin a ji shi.

Kanal ɗin babbar magudana ce da aka haƙa don ta kwashe ruwan sama daga wannan ɓangare na N'Djamena ta zuba a kogi. A bakinta aka kafa ƙofar ƙarfe. Idan kogi yana ƙasa sai a ɗaga ta, ruwan gari ya fita, kwale-kwalen masu yashi da kifi da itace su shiga har bakin kasuwa. Idan kogi ya cika sai a sauke ta, ta tare shi. Wannan safiya ta watan Oktoba an zo saukewa, ta yi wata ƙara, ta karkace, ta tsaya. Kafin hantsi ruwa ya shiga unguwar da ke bayan kanal har gwiwa. Katangar laka ta jiƙe ta faɗa wa wata tsohuwa mai suna Mairama, wadda ƙafafunta suka daɗe da daina ɗaukarta. An ciro ta babu rai.

Jama'a sun yi dafifi a kan gadar simintin da ke saman ƙofar. A tsakiyarsu wani tsoho yana zaune a ƙasa, rigarsa a yage, leɓensa yana jini. Salihu ke nan, mai tsaron ƙofar. A kansa wani mutum mai jiki yake tsaye cikin farar shadda, yana magana da Larabcin Chadi don kowa ya ji, yana cewa tsoho ya sayar da amanar unguwa. Da ya ga Siradji sai ya juya zuwa Hausa, ya gabatar da kansa. Shi ne Alhaji Abdulgani, shugaban kwamitin unguwa mai sa ido a kan kanal. Ya ce ba wani bincike ake bukata ba, ɓarawo ga shi nan a zaune.

Siradji ya ratsa jama'a. Ya wuce wurin da ake murza ƙofar. Sanduna biyu ne dogaye masu zare suke riƙe da ita, kowace ta ratsa ta cikin noti mai girman ƙwarya. Na hagu yana nan lafiya, jan tagulla a ƙarƙashin baƙin giris. Na dama ya tarwatse, gutsattsarinsa a warwatse bisa siminti. Ya ɗauki ɗaya ya ji bai kai nauyin da ya kamata ba. Ya kankare shi da makullin babur. Fenti ruwan ɗorawa ya fita, farin ƙarfe ya bayyana, irin wanda ake zuba tukwanen miya da shi. Alminiyam ne.

Ya tattara gutsattsarin cikin hankici, ya sa a aljihu. Sannan ya sa aka shigar da Salihu motar 'yan sanda. Mutane suka ɗauka kamu ne, suka buɗe hanya. Shi kuwa so yake ya fitar da tsohon da ransa.

Kafin ya koma komisariya, wato ofishin 'yan sanda, ya naɗe wando ya shiga unguwar. Mata suna ɗauke da katifu a ka, awaki a kan rufin kwano, buhunan gero sun kumbura sun fashe a cikin ɗakuna. Sai maƙwabta suke ta cika buhu da ƙasa suna jerawa a bakin ƙofar ruwan da hannunsu, don daga ofishin kanal ba a ga ko mota ɗaya ba. A gidan rasuwa ya tarar da Sadiya, 'yar marigayiyar, tsaye cikin ruwa tana riƙe da zanen da aka lulluɓe uwarta da shi. Ba ta kuka. Ta gaya masa cewa ta fita ne neman wanda zai kama mata su ɗauke tsohuwar, kafin ta dawo katanga ta faɗi. Ta ce da wani ya faɗa musu jiya cewa ƙofar nan ba ta da lafiya, da a gidan ƙanwarta da ke unguwar Paris-Congo uwarta ta kwana.

"Kada a ce mini ƙaddara kawai, Shef," in ji ta, tana kiransa yadda ake kiran babban ɗan sanda a garin. "Na san ƙaddara. Amma wani ne ya yi wannan da hannunsa."

A hanyarsa ta fita ya wuce wani babban sito na bulo, ƙofarsa a buɗe. Ruwa ya shiga, amma bai sami abin ɓatawa ba, don ciki fayau yake. Ya tambaya aka ce na Alhaji Abdulgani ne, suga da fulawa yake ajiyewa. Ya dubi wurin na ɗan lokaci ya wuce.

Salihu ne Siradji ya fara yi wa tambayoyi, bayan an wanke masa baki an ba shi shayi. Tsohon ya ce tun yana da ƙarfinsa yake murza ƙofar nan, bai taɓa ɗaukar ko ƙusa ba. Ya ce kafin damina an rufe kanal makonni ana gyara. Da aka gama, maimakon ƙofar ta yi sauƙi sai ta ƙara tauri. Gefen dama ya riƙa cijewa, har ya zama sai ya huta sau da yawa kafin ya ɗaga ta, kwale-kwale suna jere a kogi suna zaginsa. Daga baya ya fara ganin wani farin gari a cikin giris ɗin, kamar an barbaɗa toka.

"Wa ka gaya wa?"

"Kwamiti, Shef. Ƙa'ida ke nan. Ni in gaya wa Alhaji, shi ya kai wa injiniya."

"Me ya ce?"

"Ya ce ya kai. Wai an ce in ƙara giris."

Siradji ya aika aka tambayi Alhaji Abdulgani. Amsa ta dawo cewa tabbas tsoho ya taɓa yin wani ƙorafi, kuma shi ya isar wa injiniya da bakinsa, ita ce ta yi biris. Ya ƙara da cewa duk wannan bai wanke Salihu ba, don shi kaɗai ne yake kwana yake tashi a wurin.

Na biyu shi ne Ismaël, shugaban masu kwale-kwale, baƙin mutum mai faɗin kafaɗa. Mutane da yawa sun shaida cewa ya taɓa tsayawa a kan gadar ya rantse zai fasa ƙofar da guduma. Bai musa ba. Ya ce ya faɗa, kuma da za a mayar da shi ranar zai sake faɗa. Lokacin gyaran nan an ce musu kwanaki kaɗan ne, sai ga shi wata ya mutu, wani ya kama. Kwale-kwale suka yi layi tun daga bakin kanal har inda ido ba ya kaiwa. Kifi ya ruɓe a cikinsu har sai da aka riƙa zubarwa a kogi. Masu yashi suka koma ɗauka a ka suna hawa gaɓa. Kullum in sun tambaya a ce kaya suna hanya, sun maƙale a gadar Ngueli ta kan iyaka. Har aka buɗe kanal bai ga wani sabon kaya ya zo ba. Tsofaffin da aka kwance su aka mayar.

Siradji ya ajiye masa guntun notin a gabansa. Ismaël ya juya shi a hannu, fuskarsa ta canja. Ya ce shi abincinsa a bayan ƙofar nan yake, kuma da safen nan ruwan ya ja kwale-kwalensa ya matse shi a ƙarƙashinta ya karya. In ana neman wanda ya san sirrin ƙarfen nan, a tambayi matar da ta kwance shi.

Gutsattsarin ba su da tabon guduma ko ɗaya. Zaren cikinsu ne ya side a hankali har ya ƙare. Siradji ya sallame shi.

Da azahar ya sami Injiniya A'isha Humaira a bakin kanal, cikin takalman roba, tana faɗa da wani a waya da Faransanci a kan injin ɗaga kaya da aka yi mata alkawari tun safe. Ita ce ke kula da ƙofar, ita ta jagoranci gyaran, kuma a lokacin duk alamu ita suke nunawa. Ya ja ta gefe ya nuna mata guntun. Ta kankare shi da farce, sannan ta zauna a kan siminti.

Ya tambaye ta ko mutum ɗaya zai iya cire notin nan a ɓoye ya sa wani. Ta ce ba zai yiwu ba. Duk nauyin ƙofar a kan notin biyu yake. Kafin a taɓa ɗaya sai an kafa ƙarafa a sama, an rataye ƙofar da sarƙa, an sa ƙarti sun ja. Aiki ne na yini guda da duk unguwa za ta gani.

"Sau nawa aka rataye ta a bana?"

"Sau ɗaya. Lokacin gyarana."

"Kin san abin da kika faɗa yanzu? Kin fitar da Salihu, kin fitar da Ismaël, kin bar kanki."

"Na sani. Amma gaskiyar ke nan."

Ta ba shi labarin gyaran da zafin wadda ta daɗe tana haɗiye magana. Ƙofofi da famfunan da ke wuyanta sun fi ƙarfin mutum ɗaya, ba ta da mota, da kuɗin aljihunta take hawa babur ɗin haya daga wannan kanal zuwa wancan. Ta kwance ƙofar ne bisa alkawarin za a kawo sababbin sanduna. Aka yi ta ja mata rai, har hadari ya fara haɗuwa, ta ce a wanke tsofaffin a mayar. Notin biyu kuwa lafiyarsu ƙalau, za su ƙara shekaru. Da hannunta ta buga musu alama don kada a sauya musu gefe, D a na dama, G a na hagu, harufan farko na dama da hagu a Faransanci. Ɗakin ajiyar ofis ba shi da ƙyaure, don haka da kwamitin unguwa suka ce za su adana kayan, har godiya ta yi. Ranar da za a mayar da su aka kira ta wani famfo da ya ƙone a can wani gefen gari. Leburorin da kwamiti ya kawo suka haɗa. Da ta dawo ta tarar an rufe komai da giris, aka murza a gabanta, ƙofa ta hau ta sauka.

Da Siradji ya ambaci farin garin da Salihu ya gani, ta miƙe tsaye. Ta ce babu wanda ya taɓa gaya mata. Da ta ji kalmar nan ko sau ɗaya, da ta rufe ƙofar tun kogi yana ƙasa, ta sa an tokare ta.

To, ɗaya daga cikin biyu yana ƙarya, ko ita ko Alhaji. Siradji bai nuna wa kowa gefen da ya karkata ba.

Ya sake duba gutsattsarin a rana. A bayansu akwai ƙananan ramuka irin na abin da aka zuba a cikin yashi. A jikin ɗaya ga harafin D, amma a dushe, ba kamar wanda aka buga da ƙarfe ba. Wato an danna notin gaske a cikin yashi an fitar da siffarsa, har da alamar, sannan aka zuba narkakken alminiyam. Wannan aikin masu zuba tukwane ne.

Washegari ya bi su rumfa rumfa. Yawancinsu suka ce abin ya fi ƙarfin murhunsu. A unguwar Abena, a bayan wani garejin babura, ya sami Zakiru, mutumin Maraɗi, yana tsugune yana fasa tsohon kan inji zai narka. Da ya ga guntun bai tsaya ɓoye-ɓoye ba, ya ce aikinsa ne. Da bazara wani mutum ya zo da farar mota mai buɗaɗɗen baya, ya kawo wani abu na tagulla naɗe cikin buhu, ya ce a zuba masa irinsa. Ya zauna a mota har aka gama, ya tafi da duka biyun, ya ce zai kai wa mai injin yanka ƙarfe ya fitar masa da zare. Bai faɗi sunansa ba. Mai jiki ne, mai son farar shadda.

"Ka tambaye shi me zai yi da shi?"

"Na tambaya, ranka shi daɗe. Ni ce mai, Alhaji, wanga abu ba ya ɗaukar nauyi, tuwo a ka dafawa da irinshi. Ya ce ya sani, na ɗan lokaci ne."

"Ya ce ya sani?"

"Da bakinshi."

Siradji ya tambaye shi ko ya lura da wani abu a motar. Zakiru ya yi tunani, ya ce ya tuna ya yi mamaki, don lokacin gari ya bushe ƙarau, amma tayoyin motar duk ɗanyen taɓo ne, bayanta kuma cike da ɗanyen karan shinkafa.

Da aka gaya masa abin da tukunyarsa ta jawo, Zakiru ya ajiye guduma, ya daɗe yana salati. Ya ce a kira shi ko'ina, zai zo ya nuna mutumin.

Siradji ya koma unguwar da ruwa ya ci. Bai je wurin Alhaji ba, masu turin baro ya nema. Suka gaya masa cewa makon da kogi ya fara hauhawa, Alhaji ya sa sun kwashe sitonsa kaf zuwa wani shago a tudu. Iyalinsa ma a makon suka koma gidan ɗan'uwansa, aka ce biki za a yi. Babu wanda ya ji kiɗan bikin. Ya tambaya ko Alhaji yana noma. Suka ce ai kowa ya san gonarsa ta shinkafa a kudancin gari, a bakin kogi, wadda ba ta sanin rani.

Da yamma ya aika wa Alhaji Abdulgani cewa ana bukatar shugaban kwamiti ya raka hukuma duba wani abu da ya shafi shari'ar Salihu. Alhaji ya zo da fara'a, ya shiga gaban mota. Ya ga injiniya a baya, ya gaishe ta sama-sama. A hanya yana ta bayanin yadda ma'aikatan gwamnati suka lalace. Sai da motar ta bar kwalta ta kama hanyar gonarsa maganar ta ƙafe.

Gonar shimfiɗe take, kore shar. An haƙo mata rafi daga kogi, a bakinsa an kafa tsohuwar ƙofar ƙarfe mai sanda ɗaya, irin waɗanda ake saya a wurin masu gwangwan. Komai nata ya yi tsatsa, ban da notin da ke samanta. A'isha Humaira ta durƙusa ta goge giris da gefen mayafinta. Jan tagulla ya fito, da harafin D a jikinsa, mai zurfi, ƙafarsa ta ɗan zame inda gudumarta ta kuskure.

Alhaji ya ce a kasuwa ya saya. Siradji ya ce mai zuba tukwane na Abena yana komisariya yana jiran ya ga fuskarsa. Alhaji ya dubi kogi, ya gyara hula, ya sauya murya.

"Sufeto, mu yi magana ta manya. Aro na yi. Ƙofata ta lalace, shinkafa tana ƙonewa, ga abu a ajiye a gidana ba a amfani da shi. An ce sababbin kaya suna hanya. Da sun zo a kan lokaci, wa zai sani? Laifin masu jinkiri ne."

"Jinkirin nasu ne, Alhaji, kuma za a tambaye su. Amma ba su suka kai noti Abena ba."

"Ban yi nufin a mutu ba."

"Da Salihu ya ce maka ƙarfe yana zubar da gari, me ka yi?"

Siradji ya matso kusa da shi.

"Ka kwashe sugarka. Ka kwashe matanka da 'ya'yanka. Tsakanin sitonka da gidan Mairama akwai nisan da murya ba za ta kai ba?"

Aka sa wa Alhaji ankwa a gaban ma'aikatan gonarsa.

A komisariya Kwamishina ya nemi jin yadda aka yi daga tsoho mai gadi aka koma kan shugaban kwamiti, don tun kafin motar ta iso waya ta fara damunsa. Siradji ya yi masa bayani a tsaye. Ya ce ƙofar ba fasa ta aka yi ba, zaren noti ne ya side, don haka barazanar Ismaël magana ce ta mai fushi kawai. Notin ba ya ciruwa sai an rataye ƙofa, kuma ba a rataye ta ba sai lokacin gyara, don haka Salihu ba shi da hanyar yi, ko da ya so. Saura mutum biyu da kayan suka bi ta hannunsu. Injiniya ita ce ta tsuke lokacin satar har ya faɗo kanta, abin da mai laifi ba zai yi ba. Kuma wadda ta san ƙarfe, in za ta yi jabu, ba za ta yi shi da abin da ta san zai tarwatse a wuyanta ba. Ɓarawon gwangwan kuwa narkar da tagulla yake ya sayar, ba ya ɓata lokaci yana zuba madadi yana shafa fenti. Wanda ya yi wannan yana son notin ne a matsayinsa na noti, wato yana da ƙofar ruwa tasa. Ɗanyen taɓo da karan shinkafa a tsakiyar bazara suka nuna inda take.

"Abin da ya fara tsaya mini a rai tun ranar farko shi ne siton," in ji Siradji. "Duk unguwar ruwa ya same su da kayansu a ɗaka. Mutum ɗaya ne bai yi asarar ko buhu ba, kuma shi ne ya fi kowa ihu a kan gada."

Kwamishina ya ce mutumin yana da mutane a sama. Siradji ya ce ya sani, shi ya sa ya ɗauki shaidar Zakiru da ta masu baro kafin ya taɓa shi, kuma leburorin da suka haɗa ƙofar sun riga sun faɗi wanda ya hana su magana a kan rashin nauyin notin. Kwamishina ya kashe wayarsa ya jefa a aljihun tebur, ya ce a shigar da shi.

An saki Salihu a yammacin. Bai yi murna ba. Ya tsaya a ƙofar komisariya yana tambayar ko waɗanda suka yage masa riga za su zo su dube shi a ido. Wasu sun zo daga baya, wasu sun riƙa sauya hanya in sun hango shi.

Ranar sadakar uku Siradji ya je gaisuwa. Ruwa ya ɗan janye, ya bar taɓo da wari, an shimfiɗa tabarmi a kan wani tudu kusa da masallaci. Yana zaune sai ga farar mota mai buɗaɗɗen baya ta tsaya. Ƙanin Alhaji Abdulgani ya fito da wasu dattawa, aka fara sauke buhunan shinkafa ana jerawa a gaban masu makoki. Ƙanin ya yi doguwar magana a kan zumunci da haƙuri da zaman tare, ya ce iyali sun aiko da wannan don a yi sadaka, kuma suna roƙon a bar maganar ta ƙare a cikin gida.

Mutanen da ke zaune a nan yawancinsu ba su da abin da za su dafa a daren, kuma kowa ya san haka. Idanu suka koma kan Sadiya.

Ta taso daga cikin mata ta zo ta tsaya a gaban buhunan. Ta tambayi ƙanin ko daga gonar bakin kogi aka noma ta. Ya ce daga can ne.

"To ku mayar da ita mota," in ji ta. "Ku kai masa inda yake, a dafa masa. Uwata ba za a yi mata sadaka da ruwan da ya kashe ta ba."

Dattawan suka fara ba ta baki. Ita kuwa ta koma ta zauna. Ismaël ne ya fara tashi. Ya sunkuya ya ɗauki buhu ya jefa a bayan motar. Salihu ya kama gefen na biyu, wani ya kama masa. Kafin ƙanin Alhaji ya gama neman abin faɗa, ba sauran buhu ko ɗaya a ƙasa, liman kuma ya ɗaga hannu ya ci gaba da addu'a daga inda ya tsaya.